George Wythe: Alƙalin da dokar jiharsa ta hana a yi masa adalci

An haifi George Wythe a 1726 a yankin Bajiniya, tun Amurka tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Lauya ne, kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin kan ƙasar ta 1776. A 1779 Kwalejin William da Mary ta naɗa shi malamin shari'a, kujera ta farko irinta a Amurka. Thomas Jefferson a hannunsa ya koyi aikin lauya, John Marshall ma ya zauna a ajinsa.

Sai dai a kan kujerar alƙalanci aka fi ganin halinsa. A wata shari'a ta 1782, wadda ta shafi afuwar da ɓangare ɗaya na majalisar jiha ya yi wa wasu mutum uku da aka samu da laifin cin amanar ƙasa, Wythe ya bayyana cewa kotu tana da ikon taka wa majalisa burki idan ta ƙetare tsarin mulki. Shekara 21 bayan haka ɗalibinsa Marshall ya kafa wannan ƙa'ida a Kotun Ƙolin Amurka.

A ƙarshen rayuwarsa wasu bayi suka kai ƙara gabansa suna neman 'yanci. Ya 'yanta su, yana mai dogaro da cewa tsarin haƙƙoƙin Bajiniya ya ɗauki kowane mutum a matsayin ɗa tun haihuwa. Kotun ɗaukaka ƙara ta bar su da 'yancinsu saboda asalinsu na 'yan asalin nahiyar, amma ta yi watsi da hujjar tasa, domin karɓarta zai girgiza bautar gaba ɗaya.

A watan Mayun 1806 aka zuba guba a gidansa da ke Richmond. Wani yaro mai suna Michael Brown, wanda Wythe ya sa cikin wasiyyarsa, ya riga shi mutuwa. Shi kuwa ya yi jinyar kusan mako biyu, har ya cire jikan 'yar'uwarsa George Sweeney, wanda ake zargi, daga cikin magada, sannan ya rasu ranar 8 ga Yuni.

Mai dafa masa abinci, Lydia Broadnax, ta tsira, kuma ita ce babbar shaida. Amma dokar Bajiniya ba ta yarda baƙar fata ya ba da shaida a kan farar fata ba. Kotu ta wanke Sweeney daga tuhumar kisan kai.