Kanar Shittu Alao, Shugaban Mayaƙan Sama

Duk wanda ya san Keffi a Jihar Nasarawa ya san Barikin Shittu Alao, amma ba kowa ya san mai sunan ba.

Marigayin Bayarabe ne haifaffen Arewa. An haife shi a Dorowa Babuje ta ƙasar Filato cikin 1937. Da sojan ƙasa ya fara, sa'an nan aka tura shi Jamus ta Yamma ya koyo aikin mayaƙan sama. A 1967, yaƙin basasa na farawa, aka ɗora shi bisa shugabancin rundunar.

A zamaninsa ne aka kawo jiragen MiG-17 na Rasha da L-29 na Cekoslobakiya, aka harhaɗa na MiG-17 ɗin a Kano. Shi kuwa bai zauna ofis kawai ba, da kansa yakan tashi da jirgi.

Ran 15 ga Oktoba 1969 yana tuƙa L-29 shi kaɗai, yanayi ya ɓaci, mai ya ƙare. Ya yi ƙoƙarin sauka a Uzebba, jirgin ya bugi bishiya, nan ya cika yana da shekara 32, wata uku kafin yaƙin ya ƙare.