Umaru Ganda: Ɗan dakon da ya karɓe kyamara daga hannun Bature

Dattawan Funtua da Malumfashi da suka riski zamanin majigi suna tuna yadda ake yi: a kafa farin ƙyalle a dandali bayan isha'i, a haska hoton gonar auduga, wani ma'aikacin gwamnati ya riƙe lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Manomin da ke cikin hoton bakinsa alaikum. A wannan zamani ne wani ɗan ci-rani daga Nijar ya juya tsarin a birnin Abijan, ya zama shi ne a hoton kuma shi ne mai magana.

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin da Faransawa ke yi a Biyetnam. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, sai ya bi sahun samarin ƙasarsa zuwa Kodebuwa, ya kama dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshe mai nazarin al'adu, wanda ke bincike kan 'yan ci-ranin Nijar. Rouch ya ɗauke shi aikin tattara bayanai, daga baya ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un noir na 1958.

Yadda aka yi fim ɗin shi ne abin dubawa. Babu rubutaccen labari. Kyamarar Rouch ƙarama ce, ta milimita 16, da hannu ake wana ta, kuma ba ta ɗaukar sauti. Don haka aka bi samarin unguwar Treichville ana ɗaukar su shiru, a wurin aiki da mashaya da filin dambe, kowannensu da sunan aro daga taurarin silima. Ganda ya zaɓi Edward G. Robinson. Bayan an harhaɗa hotunan sai aka zaunar da shi gaban allo aka ba shi abin magana, yana kallon kansa yana faɗin abin da ya zo bakinsa: wani lokaci bayani, wani lokaci ƙorafi a kan talauci, wani lokaci mafarkin zama zakaran dambe na duniya. Kusa da ƙarshe ana ganin sa a bakin ruwa tare da wani yaro, yana kwaikwayon yaƙin da ya halarta, yana faɗuwa ƙasa, yana jifa da gurneti da babu shi a hannunsa. Mai kallo ba ya iya raba inda gaskiya ta tsaya da inda wasa ya fara, kuma wannan cakuɗuwa ce ta ɗaga fim ɗin.

A Faransa ya ci kyautar Louis Delluc, matasan daraktoci irin su Jean-Luc Godard suka yi ta yabonsa suna koyi da shi. Yabon ya tafi ga Rouch. Amma a cire muryar Ganda, abin da zai rage bai wuce hotunan lebura masu kyan launi ba. Shi kansa bai gamsu da yadda aka ba da labarinsa ba.

Da ya koma Yamai sai ya koyi aikin a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya fito da Cabascabo, fim mai minti 45 cikin harshen Zabarma, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, ya kuma ci kyauta a Mosko a shekarar. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin tsohon sojan da ya dawo da kuɗin sallama, abokai da maroƙa suka taya shi cinyewa suka watse. Labarin ba ya tafiya a miƙe. Yana komawa fagen fama ya dawo, kamar yadda tunani ke yi wa wanda ya ga yaƙi. A ƙarshe sojan ya bar gari ya nufi gona, ƙarshen da duk gidan da ya taɓa tarbar ɗan ci-rani hannu rabbana zai gane.

Le Wazzou polygame ya biyo baya, labarin wani Alhaji da ya dage sai ya yi ta uku da yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawarinta, abin ya ƙare da kisan kuskure a daren biki. Shi ne fim na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, a 1972. Saïtane ya taɓo malaman tsibbu, L'Exilé na 1980 kuma daga tatsuniya ya ɗauko shi.

Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981, sakamakon ciwon zuciya, bai cika shekara hamsin ba. An sa sunansa ga babbar cibiyar al'adu ta Yamai, kuma kyautar da FESPACO ke bai wa darakta a kan dogon fim ɗinsa na farko sunansa take ɗauke da shi.