George Percy Bargery: Baturen da ya shafe shekara 13 yana tara kalmomin Hausa

Duk wanda ya taɓa neman asalin wata tsohuwar kalmar Hausa a ɗakin karatu na jami'a, da wuya bai ɗauki wani jibgegen littafi da ake kira ƙamusun Bargery ba. Shekara 90 da ɗoriya ke nan da fitowarsa, amma har yau malamai da masu fassara da 'yan jarida suna komawa gare shi idan gardama ta kaure a kan ma'anar kalma. Sai dai ƙalilan ne suka san tarihin mutumin da ya wallafa shi.

An haifi George Percy Bargery ranar 1 ga Oktoba, 1876, a birnin Exeter na ƙasar Ingila. A shekarar ce kuma wani Bajamushe mai suna Schön ya fitar da nasa ƙamusun na Hausa, ɗaya daga cikin na farko-farko da Turawa suka rubuta. Bargery ya yi karatun addinin Kirista, ya zama limamin coci, sa'annan ƙungiyar mishan ta CMS ta turo shi Arewa a farkon ƙarni na 20. Ya yi aiki tare da Likita Mila a ƙasar Zazzau, inda kunnensa ya saba da Hausa daga bakin masu ita. A 1910 rashin lafiya ta mayar da shi gida. Da ya murmure sai ya dawo a matsayin jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka, har ya buɗe makaranta a ƙasar Tibi.

A 1921 Gwamna Hugh Clifford ya ɗora masa aikin da ya zama abin tunawa da shi, wato haɗa cikakken ƙamusun Hausa zuwa Turanci. Akwai ƙamusoshi kafin nan, kamar na Robinson da na Mischlich, amma ba su wadatar ba, domin sun bar kalmomi masu yawa, kuma ba su nuna wa mai karatu yadda zai furta waɗanda suka kawo ba.

A wancan zamani aikin ƙamus aikin hannu ne da kunne. Sai an ji kalma, a rubuta, a sake tambayar wani, a gwada ta cikin jimla, a jera ta da hannu a inda ta dace. Bargery ya zauna a Kano, ya yi aikin da taimakon malaman Hausa da suka riƙa warware masa ma'anoni. Hausar Kano ya ɗauka a matsayin ginshiƙi, amma bai tsaya a kanta ba. Ya kawo kalmomin Katsina da Sakkwato da Gobir da Zazzau da Daura da Haɗejiya, yana sa wa kowace alamar inda ta fito. A farkon shekarun 1930 an haɗa shi da R. C. Abraham, wanda daga baya ya fitar da nasa ƙamusun a 1949.

Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga littafin a 1934, shafi sama da 1,200, ɗauke da kalmomi kimanin 39,000. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne nuna karin sauti da tsawon wasali. Bahaushe ba ya rikita kukan yaro da kukar miya, ko garin Zariya da garin tuwo, amma a rubuce kuka ɗaya ce, gari ma ɗaya ne. Bargery ya sa alamomin da ke raba su. Ya kuma nuna yalwar harshen ta hanyar jera kalmomi masu kusancin ma'ana: a ƙarƙashin kalmar ƙato kaɗai ya kawo sama da 300 da ke nuna girma. Akwai sunayen tsirrai da cututtuka da sarautu, da kayan aikin maƙera da majema da marina da masaƙa, waɗanda da yawansu yaran birni ba su taɓa jin su ba a yau.

Ƙamusun ya fito a kan gaɓa. A wannan shekara ta 1934 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta fara fitar da littattafan da suka yi nasara a gasar rubutu, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, garin da ya zama cibiyar ɗab'in boko a Arewa. Hausar da Bargery ya tara a Kano, a Zariya aka yi ta sarrafa irinta ana daidaita rubutunta, har haruffan ɓ da ɗ da ƙ suka samu gindin zama.

Shi kuwa Bargery ya koma Landan yana koyar da Hausa a makarantar SOAS, kuma a 1937 Jami'ar Landan ta ba shi digirin dokta saboda wannan aiki. A 1953, yana da shekara 70 da 'yan kai, ya sake dawowa Kano domin aikin gyaran fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista, ya zauna har 1957. Ya mutu ranar 2 ga Agusta, 1966, saura wata biyu ya cika shekara 90. Takardunsa suna ajiye a ɗakin karatu na SOAS.

Littafin bai mutu tare da mai shi ba. A 1993 Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta sake buga shi da ƙarin kalmomi daga Neil Skinner. Daga baya aka shigar da shi kwamfuta aka ɗora a intanet, ta yadda ɗan kasuwa a rumfarsa ko ma'aikaci a ofis zai iya binciko kalma ta wayarsa. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun da ke bayanin Hausa da Hausa.

Mai haɗa ƙamus a yau yana da kayan aikin da Bargery bai yi mafarkinsu ba. Yana iya tara dubban shafukan jaridu da littattafai a rumbun kwamfuta, ya nemi kalma ɗaya, ta fito masa da duk jimlolin da aka yi amfani da ita. Yana iya naɗar muryar tsohon maƙeri da waya, ya liƙa wa kalma furucinta. Amma sai an koyi kayan kafin su yi amfani. Wanda ya saba rubutu ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, kwamfuta za ta haɗe masa baki da baƙi, kafa da ƙafa. Manhajojin da ke karanta tsofaffin shafuka ma sukan yi tuntuɓe a kan waɗannan haruffa, sai mai ido ya bi ya gyara.

Ga kuma kalmomin da suka shigo bayan 1934, na banki da asibiti da tasha da kasuwar waya, da Hausar Kumasi da Yamai da Sudan, duk suna jiran mai rubuta su. Na'ura ba ta san abin da ba a ba ta ba. Kalmar da ke bakin tsohuwa a ƙauyen Zazzau, idan ba a je an zauna an saurare ta ba kamar yadda Bargery da malamansa suka yi, ranar da tsohuwar ta kwanta dama kalmar za ta bi ta.