Bessie Coleman (1892-1926)

An haifi Bessie Coleman a shekarar 1892 a jihar Texas ta ƙasar Amurka, cikin iyalin talakawa masu tsinkar auduga. Ta shiga jami'a, amma rashin kuɗi ya fitar da ita bayan zango ɗaya. A Chicago, inda take sana'ar gyaran farce, sha'awar tuƙin jirgin sama ta kama ta. Makarantun tuƙi na Amurka kuwa suka ƙi karɓar ta, saboda mace ce kuma baƙar fata.

Maimakon ta haƙura, sai ta duƙufa koyon Faransanci, ta tafi Faransa a ƙarshen 1920, ta shiga makarantar Caudron. Cikin wata bakwai kacal ta kammala horo, aka ba ta lasisi ranar 15 ga Yuni, 1921.

Da ta dawo gida, wasan jirgi a bainar jama'a ne ya zama abincinta, tana tara kuɗin buɗe wa baƙaƙen fata makarantar tuƙi. Ba ta kai ga cika wannan buri ba. Ta faɗo daga jirgi a Jacksonville ranar 30 ga Afrilu, 1926, tana da shekara 34.