Gregor Mendel: Malamin da ya ƙirga wake har ya gano sirrin gado

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gombe ya san yadda manomi ke ware irin wake da na auduga bayan kaka, don ya san iri mai kyau shi ke ba da amfani mai kyau. To, amma mutumin da ya fara gano ƙa'idar da gadon kamanni ke bi, wani ɗan manomi ne daga ƙasar Turai, sunansa Gregor Mendel.

An haife shi cikin watan Yuli na 1822 a ƙauyen Heinzendorf, wanda a lokacin yana ƙarƙashin daular Ostiriya, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Cek. Iyayensa talakawa ne. Yana tsakiyar karatu sai icce ya faɗo wa mahaifinsa, ƙarfinsa ya ƙare, kuɗin makaranta ya gagara. Ƙanwarsa Theresia ita ta ba shi daga cikin dukiyar da aka tanada don aurenta. Bai manta da wannan alheri ba, domin daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku.

Cikin 1843 ya shiga gidan ibada na 'yan Katolika a birnin Brno, inda ya sami abinci da littattafai. Ya so ya zama cikakken malamin makaranta, amma ya faɗi jarrabawar malanta cikin 1850. Shugaban gidan ya aika da shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, ya koyo lissafi da kimiyya, ya sake zama jarrabawar cikin 1856, bai dace ba. Haka ya ci gaba da koyarwa ba takardar shaida.

A wannan shekara ta 1856 ya fara aikin da ya sa ake tunawa da shi. Ya zaɓi wani irin wake na Turai da ake kira fis, yana ɗaukar ƙurar furen wani da hannu yana sa wa wani, sa'an nan ya rufe furen kada ƙwari su ɓata masa lissafi. Ya shekara takwas yana wannan, ya shuka wajen tushe 28,000. Da ya haɗa mai santsin ƙwaya da mai yamutsattsiyar ƙwaya, 'ya'yan farko duk suka fito masu santsi, kamar ɗaya kamannin ya ɓace. Da 'ya'yan nan suka yi nasu, sai abin da ya ɓuya ya sake bayyana. Cikin ƙwaya 7,324 da ya ƙirga, 5,474 masu santsi ne, 1,850 yamutsattsu, watau kusan uku bisa ɗaya. Ya gwada launi, ya sami rawaya 6,022 da kore 2,001. Ya gwada tsawon tsiro, nan ma haka.

Daga nan ya fahimci cewa kamannin iyaye ba gaurayuwa suke yi kamar fura da nono ba. Kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata tana rinjaye, wata tana laɓewa, amma ba ta mutuwa, tana iya fitowa a jika.

Ya karanta sakamakonsa gaban ƙungiyar masana ta Brno ran 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris na 1865, aka buga shi cikin 1866. Kusan ba wanda ya kula. Manyan masana tsirrai na zamanin ba su saba da ganin lissafi a cikin aikin lambu ba, balle daga malamin da ya faɗi jarrabawa. Cikin 1868 aka naɗa shi shugaban gidan ibadar, rigimar haraji da gwamnati ta cinye sauran ƙarfinsa. Ya mutu ran 6 ga Janairu, 1884, da ciwon ƙoda. Sai cikin 1900 wasu masana uku, de Vries da Correns da Tschermak, suka tono aikinsa. Bayan haka aka gano cewa ƙwayoyin gadon nan suna zaune ne cikin ƙananan ƙwayoyin halitta na jiki, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita.

A gidan ibadar nan ta Brno an buɗe gidan tarihi da sunansa, inda ake nuna kayan aikinsa da filin da ya yi shuka. A cikin garin kuma akwai wani mai suna Mendelianum, wanda ba kallo kaɗai ake yi ba, ɗalibai suna taɓa kaya su yi gwaji da hannunsu. Wannan hanya ita ta fi dacewa da mutumin da ya koyi abinsa ta ƙirga.

Kada mai karatu a Agege ko Sabon Ibadan ya ɗauka zancen Turawa ne kawai. Da wannan ilmi ma'aikatan binciken gona na Samaru a Zariya da na IITA a Ibadan ke fito da sababbin irin wake. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne ciwon sikila, domin ƙa'idar nan yake bi daidai. Mai jinin AS lafiyarsa lau, ƙwayar ciwon a laɓe take. In ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba, kowane ciki da nasa lissafi. Shi ya sa likitoci ke matsa wa samari da 'yammata su gwada jini tun kafin a kai kayan gaisuwa.

Malamin makaranta a Gombe ba sai ya jira an gina masa gidan tarihi ba. Ƙwarya biyu sun isa, ɗaya uwa ɗaya uba, a zuba wa kowace farin wake da ja daidai wa daida. Yaro ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace, a rubuta abin da ya fito, a mayar, a sake. In aka yi sau ɗari ko ɗari biyu, za a tarar ja da ja sun haɗu kusan sau ɗaya cikin kowane huɗu.