Michael Faraday: Ɗan Maƙerin da Ya Ga Zinariya Ta Koma Koriya

 Gwarzonmu na wannan makon ɗan maƙeri ne, kamar wasunmu a nan Rano da Kibiya.

An haifi Michael Faraday a Landan a 1791. Talauci bai bar shi ya yi nisa a makaranta ba, kuma har ya tsufa lissafi yana ba shi wahala. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karanta waɗanda aka kawo ɗinki. A 1813 masani Humphry Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji.

A 1831 ya gano cewa motsa maganaɗisu a cikin naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki. Asalin janareta ke nan. Amma mu abu biyu suka fi burge mu.

Ƙarfe idan ya yi zafi, lantarki ba ya ratsa shi da sauƙi. A 1833 Faraday ya gwada wani baƙin haɗi na azurfa da farar wuta, sai ya ga akasin haka: yana ƙara zafi, wuta na ƙara wucewa. Silikon da ke cikin farantan solar da muke cajin waya da su, dangin wannan haɗin ne.

Na biyun shi ne zinariya. Kowa ya san ta rawaya ce. To, idan aka buge ta har ta fi ɓawon albasa rashin kauri nesa ba kusa ba, aka ɗaga ta ga haske, koriya ake gani. Da ya samar da ƙananan ƙwayoyinta a ruwa kuwa, sai ruwan ya yi ja kamar zoɓo. A 1857 ya bayyana cewa zinariyar ba ta sauya ba, ƙanƙantarta ce ta sauya launin. Ya rasu a 1867 bai taɓa ganin ƙwayoyin da idonsa ba, domin babu madubin da zai nuna su a lokacin. Kwalaben nasa suna nan a Landan har yau.

A 2004, a Jami'ar Mancesta, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta ɓare irin abin da ke cikin fensirinmu da salatif, har ya rage kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Lantarki na gudu a cikinsa, haske kuma na ratsa shi kusan duka. Sun sami kyautar Nobel a 2010.