Ada Lovelace: Matar da ta shata wa na'ura iyaka tun ba a ƙera ta ba

Duk lokacin da masana suka yi muhawara a kan ko na'ura za ta iya tunani irin na ɗan Adam, da wuya a watse ba a ambaci sunan Ada Lovelace ba.

An haife ta a Landan ranar 10 ga Disamba, 1815, 'ya ce ga shahararren mawaƙin Ingila, Lord Byron. Tana jaririya iyayenta suka rabu, mahaifiyarta kuwa ta ɗora ta a kan ilimin lissafi don gudun kada ta gaji halin ubanta.

A shekarar 1833 ta haɗu da Charles Babbage, masanin da daga bisani ya tsara wata na'urar lissafi da za a riƙa ba ta umarni ta hanyar katuna masu huda, kamar injin saƙa na Jacquard. A 1843 Ada ta fassara maƙalar da Luigi Menabrea, ɗan ƙasar Italiya, ya rubuta da Faransanci a kan na'urar, ta ƙara da sharhinta da ya ninka maƙalar kusan sau uku. A ciki ta jera matakan da na'urar za ta bi ta fitar da lambobin Bernoulli, ta kuma hango cewa wata rana irinta za ta iya tsara kiɗa.

Amma duk da wannan hangen nesa, ba ta ruɗu ba. Ta nuna cewa na'urar ba ta ƙago komai da kanta, abin da muka san yadda za mu umarce ta kaɗai take yi. Ta kuma ja kunnen jama'a game da sabon abu: da farko a zuzuta shi fiye da kima, daga baya a raina shi.

Ta rasu ranar 27 ga Nuwamba, 1852, tana da shekara 36, na'urar kuwa ba a kammala ta ba. A 1950 Alan Turing ya ƙalubalanci ra'ayinta, yana mai cewa na'ura kan zo wa mai ita da ba-zata.

Yau da ƙirƙirarriyar basira ke rubuta wasiƙa da waƙa, wasu na ganin hasashenta a kan iyakar na'ura ya rushe. Ko da hakan ne, gargaɗinta na nan daram. Ya kamata mai yi mana alkawarin aljannar duniya da mai yi mana barazanar tashin alƙiyama, kowannensu ya kawo hujja.